Ƙurajen fuskar 'yar shekara 15: a fara da ajiye man haɗin nan

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 15, tana makarantar kwana. Tun bara ƙuraje suka feso mata a goshi da kumatu, duk wanda ya mutu sai ya bar baƙin tabo. Wata maƙwabciyarmu ta haɗa mata mai a 'yar roba. Da ta fara shafawa fuskar ta yi sumul har ta ƙara haske, amma bayan wata biyu ƙurajen suka dawo fiye da na da. Na hana ta gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ina sa ta tana wanke fuska da sabulun salo da lemon tsami. Yanzu ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana ita. Kafin in ce ki sayi komai, zan roƙe ki ki karɓe robar man nan daga hannunta, ki daina ba ta lemon tsamin, gyaɗar kuma ki mayar mata da abinta. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma man ne ya fi damuna.

Ban ga robar ba, sai dai labarin da kika bayar na ji shi daga bakin iyaye ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma kusan kullum ƙarshensa ɗaya ne. Man da zai kwantar da ƙuraje cikin 'yan kwanaki, ya sa fuska ta yi haske, sannan ƙurajen su dawo da ƙarfinsu bayan wata ɗaya ko biyu, akwai sitiroyid a cikinsa, wato magani mai ƙarfi na danne kumburi. Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali domin ki iya nuna wa mai kemis. Waɗanda aka fi zubawa a man haɗi su ne clobetasol da betamethasone. Suna cikin mayukan tub da ake sayarwa ko'ina, irin su Skineal da Funbact-A, waɗanda asalinsu magunguna ne na wasu cututtukan fata daban, na shafawar 'yan kwanaki bisa umarnin likita. Masu haɗa mai sai su matse tub biyu ko uku a cikin man shafawa, su ƙara turare, su ce haɗin gargajiya ne. Maƙwabciyar taku mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta yi, ita ma haka aka koya mata.

Sitiroyid yana danne kumburi, shi ya sa ƙurji ke lafawa nan da nan. Yana kuma tsuke ƙananan jijiyoyin jini da rage launin fata, shi ne hasken da kika gani. Idan aka daɗe ana shafa shi fata takan sirance har a riƙa ganin jijiyoyi a kumatu, gashi ya fara tsirowa a gefen fuska, nankarwa ta fito a inda ake shafa shi a jiki, sannan shi kansa ya haifar da nasa ƙurajen, ƙanana masu kai ɗaya kamar an watsa gero. Wani haɗin kuma har da hydroquinone, wanda in aka shekara ana shafawa yake barin baƙin dabbare a ƙashin kumatu da ba ya jin magani. Wani da sinadarin makuri (mercury), mai taɓa ƙoda. Ba a banza hukumar NAFDAC ta ayyana mayukan bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Ga abin da nake so ki gaya wa yarinyar tun kafin ki karɓe man. Idan ta daina, fuskar za ta fi haka muni na ɗan lokaci. Za ta yi ja ko ta yi duhu, ta yi zafi da ƙaiƙayi, ta riƙa saɓa, ƙuraje su ƙaru, na mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye. A nan ne yawancin yara ke komawa robar a ɓoye, domin da sun shafa sai komai ya kwanta, su ce ai ga shi man ne ke riƙe da fuskar. Gaskiya ne shi ke riƙe da ita, irin riƙon da mai bin bashi ke yi wa wanda yake bi. A waɗannan makonnin kada a sa mata komai sai ruwa, sabulu mai laushi da man shafawa marar turare. Idan ta haura wata uku tana shafa haɗin kullum, ko fuskar ta kumbura sosai bayan dainawa, a kai ta asibiti a janye mata shi a hankali da mai sauƙin ƙarfi.

Yanzu ga asalin ƙurajen. A ƙarƙashin kowace ƙofar gashi ta fuska, ƙirji da baya akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Lokacin balaga jiki yana ƙara sinadaran da ake kira androjin, ga maza da mata duka, su kuma sai su sa jakunkunan nan su girma su riƙa zubo maiƙo da yawa. Matattun ƙwayoyin fata su haɗu da maiƙon su toshe ƙofar. Idan bakin ƙofar a rufe yake sai ki ga ɗan farin tsiro. Idan a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ya toshe sai ya yi baƙi, mutane su ɗauka datti ne, alhali launin fata ne ya haɗu da iska. Akwai kuma wata ƙwayar bakteriya, Cutibacterium acnes, da ke zaune a fatar kowa, ke da ni. Idan ta samu rufaffen ɗaki cike da maiƙo sai ta hayayyafa, jiki ya turo sojojinsa, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Toshewar tana farawa makonni kafin ƙurjin ya bayyana a ido. Ki riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa maganin gaskiya ba ya nuna aikinsa a mako ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa ake shafa shi a duk wurin da ƙuraje ke fitowa, har inda babu komai yau.

Daga nan za ki ga cewa ba ƙazanta ba ce, ba basir ba ne, ba sanyi ba ne, ba kuma a ɗauka a jikin wani. Gado yana da hannu sosai: in ke ko mahaifinta kun yi fama da su, ba abin mamaki ba ne. Maganar da ake yi wa 'yan mata cewa ƙurajen sha'awa ne, aure ne maganinsu, a bar ta don Allah. Ina ganin matan aure masu 'ya'ya huɗu da ƙuraje a haɓa.

Tunda ba datti ba ne, dirza ba ta fitar da su. Sau biyu a rana ya isa a sa sabulu a fuska, safe da dare, sai kuma bayan gumi mai yawa. Da tafin hannu, ba da soso ba. Alwala ba ta cikin wannan lissafin, ruwa ne zalla, ba ya cutar da komai. Sabulun salo ba na zaginsa, yana yanke maiƙo ƙwarai, amma ana yin sa da toka, kaifinsa ya bambanta daga wannan curi zuwa wancan, kuma fatar da sitiroyid ya sirantar ba za ta iya da shi ba. Alamar sabulu ya yi wa fuska ƙarfi ita ce a ji ta ɗaure tamau bayan wanki. Ki nema mata mai laushi marar ƙamshi, ko da na jarirai ne. Lemon tsami kuwa ƙona fata yake yi, kuma idan ruwansa na jikin fata aka shiga rana yakan bar baƙin shaci wanda ya fi tabon da ake son gogewa. Haka man goge baki, tafarnuwa, kanwa, da garin kafson ja da yalo da wasu ke farkewa su kwaɓa. Dilka da kurkur a bari sai fuskar ta warke.

Abinci kuwa, na san a ƙasar nan gyaɗa ce ke shan zagi. Binciken da aka yi bai kama ta da laifi ba, kuma maiƙon da aka ci ba shi ne ke fitowa ta fuska ba. Inda aka ga 'yar alaƙa shi ne abubuwan da ke ɗaga sukarin jini da sauri, irin su lemon kwalba, alawa, biskit da farin burodi, sai kuma madarar shanu ga wasu mutane. Ko su ɗin ma ƙara wa wuta iska suke yi, ba su ne suka kunna ta ba. Yarinya mai tasowa a makarantar kwana, inda nama sai an yi sa'a, ƙuli-ƙulin nan yana cikin abin da ke gina mata jiki. In za a rage wani abu a akwatin guzurinta, a rage katan ɗin lemo.

Abin da ya fi gyaɗa laifi, kuma ba a cika zarginsa ba, shi ne man kitso. Kin ce goshi, shi ya sa na kawo shi. Man gashi mai kauri, man kwakwa da basilin da ake lafta wa kai suna gangarowa da gumi su toshe ƙofofin goshi da gefen kunne, sannan ɗankwali da hijabi su danne su a wurin yini guda. A rage yawan man, a tsayar da shi a gashi, a riƙa goge goshi bayan kitso, a canza hular ciki da hijabi duk bayan kwana ɗaya ko biyu, rigar filo kuma mako-mako. Ki kuma tambaye ta cikin hikima ko tana shan wani abu na ƙiba. Ƙwayoyin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, wanda shi ma sitiroyid ne, kuma yana feso da ƙuraje har ƙirji da baya.

To, me za a shafa? Bayan fuskar ta huce daga man haɗin, magani biyu ne ginshiƙi, kuma ana samun su a manyan kemis.

Na farko adapalene, mai ƙarfin kashi 0.1. Shi ne ke hana ƙofofin toshewa tun daga tushe, yana kuma taimakawa wajen dusar da tabo. Da daddare ake shafa shi. Ta wanke fuska, ta bari ta bushe sarai, ta matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ta ɗiɗɗiga a goshi, kumatu da haɓa, ta baje shi siriri. Ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, ba ga kowane ƙurji ba. Ta kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Kada ta fara da kullum. Dare biyu ko uku a mako na makonni biyun farko, sai ta koma tsallake dare ɗaya, sai kullum idan fatar ta karɓa. Zai busar da fuska, za ta ɗan yi saɓa, kuma a watan farko ƙurajen kan yi kamar sun ƙaru domin waɗanda ke ɓoye suna fitowa. Wannan ba alamar maganin bai karɓe ta ba ce. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi. Na faɗi haka ne saboda na san tub ɗaya a gida yakan zaga hannun yayye da matan yayye.

Na biyu benzoyl peroxide, mai kashe bakteriyar nan, wanda ya fi dacewa da jajayen ƙuraje masu ruwa. Yana zuwa da ƙarfin kashi 2.5, 5 da 10. Mai kemis zai iya miƙo miki mai 10 ya ce ya fi aiki. Ki ce a ba ki mai 2.5 ko 5, domin aikinsu kusan ɗaya ne, mai 10 ɗin ƙuna kawai ya fi su. Da safe ake shafa shi siriri, ko a samu na wanki a bar kumfarsa minti ɗaya zuwa biyu a ɗauraye. Kada a fara shi rana ɗaya da adapalene, a ba da tazarar mako biyu. Gargaɗi ɗaya da ake mantawa: yana cin launin tufafi kamar bilic. Hijabin makaranta mai ruwan bula, tawul da rigar filo duk zai yi musu dabbare-dabbare. Ta wanke hannu bayan shafawa, ta bari ya bushe kafin ta sa hijabi, ta riƙa amfani da farin tawul.

Idan fatarta ta ƙi waɗannan, akwai azelaic acid mai kashi 15 ko 20, wanda nake so ƙwarai ga baƙar fata saboda yana taɓa ƙurji da tabo a lokaci guda. Sabulun wanke fuska mai salicylic acid kashi 2 yana taimaka wa masu ƙananan toshe-toshe. Amma kada a tara su duka a fuska ɗaya.

Man shafawa dole ne, ko da fuskar mai maiƙo ce. Fatar da ta bushe ta tsage ita ce ke sa yara su watsar da magani. A nemi mai ruwa-ruwa marar turare wanda aka rubuta cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Da hunturu, lokacin da iska ke tsotse komai, a ƙara man, a rage adapalene zuwa tsallaken dare, wani lokacin ma a fara shafa man kafin maganin. Da bazara kuwa, watannin Maris zuwa Mayu, gumi ne abokin faɗa, kuma a lura kada a rikita ƙurajen zafi da waɗannan. Na zafi ƙanana ne masu ƙaiƙayi a wuya da baya, suna tafiya da an samu sanyi.

Na san abin da ya fi ci wa 'yar taki rai tabon ne, kuma shi ne ya kai ku ga man haɗi. A fatarmu, duk inda aka samu kumburi, ƙwayoyin da ke yin launi sukan zubar da launi fiye da kima a wurin. Ƙurjin kwana biyar sai ya bar shaidar wata shida. Labari mai daɗi shi ne irin wannan baƙin tabon, wanda in kin shafa ba ki jin rami, yana tafiya da kansa, yawanci cikin wata shida zuwa shekara, wanda ya yi zurfi ya fi haka. Abu uku ke sa ya daɗe: sabon ƙurji a kan tsohon wuri, matsa, da rana. Matsar nan ita ce babbar ɓarna. Idan aka matse ƙurji, wani ɓangaren abin da ke ciki ne ke fitowa, sauran ya fashe ta ciki, kumburin ya ninka, tabon ya ninka, wani lokacin ya bar rami wanda babu man da ke cike shi. A makarantun kwana har ƙawa ke zama ta matse wa ƙawa da daddare. Ki yi mata maganar wannan musamman.

Rana kuma tana ƙara wa tabo duhu, ko da mutum baƙi ne wuluk. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, kowace safiya, yana cikin maganin tabo. Na san yana da tsada, wasu kuma suna barin fuska fari fat kamar an shafa toka, sai an gwada an samu wanda ya dace. Idan kuɗin bai kai ba, a sayi adapalene da man shafawa tukuna, ta riƙa neman inuwa da tsakar rana.

Sai haƙuri, wanda shi ne mafi wuyar saya. Ba a yanke wa waɗannan magunguna hukunci kafin mako takwas, cikakken aikinsu sai mako goma sha biyu. Mai haɗa mai zai ba ki sakamako a kwana bakwai, ni kuwa wata uku nake nema, na san kasuwata ba ta kai tasa daɗi ba. Bayan fuskar ta lafa ma ba a ajiye adapalene, ana ci gaba da shi dare biyu ko uku a mako, domin jakunkunan maiƙon suna nan suna aikinsu har ta wuce shekarun nan.

Akwai inda ba na so ki tsaya jiran wata ukun. Idan ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo kamar maruru, ko sun fara barin ramuka, ko tabon yana tasowa ya yi tudu mai tauri musamman a ƙirji, kafaɗa da muƙamuƙi, a tafi wurin likitan fata kai tsaye. Haka idan al'adarta tana tsallake watanni, ga gashi a haɓa, ga ƙiba tana ƙaruwa, domin wannan yana iya zama matsalar sinadaran jiki daga ma'ajiyar ƙwan mace, kuma shafe-shafe kaɗai ba ya isa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna ganin masu ciwon fata. A can likita zai iya ƙara mata ƙwayar doxycycline na kimanin wata uku, tare da na shafawa. Ana shanta da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya nan take domin tana ƙona maƙogwaro, kuma ba a haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini. Ga masu tsanani sosai akwai isotretinoin, magani mai ƙarfi da ke aiki ƙwarai, amma yana nakasa ɗan tayi idan aka samu ciki ana shansa. Wannan ba na saye a kemis ba ne, ko da an ga wata ta sha ta warke.

Maganar hoton da kika yi ban wuce ta ba. Yarinyar da ta fara ɓoye fuskarta tana jin abin fiye da yadda take faɗa. A gida a daina yi mata tsiya da shi, ko da wasa ne, kuma ki tsawatar wa masu cewa ba ta wanka. Baƙi masu zuwa kowa da nasa maganin, ki riƙa amsa musu da cewa tana kan magani. Idan kika ga ta daina shiga mutane, ta daina cin abinci, ko karatunta ya ja baya, ki faɗa wa likitan, domin wannan kaɗai ya isa a ƙara ƙarfin maganin.

Idan hutu take, ku fara yanzu, yadda makonnin wahalar daina man za su same ta a gabanki. Ranar komawa ki sa mata sabulun, man shafawar, tub biyun, fararen tawul biyu da rigunan filo biyu, ki kuma sanar da matron cewa magani ne don kada a ƙwace a binciken akwati. Ki lallashe ta ku ɗauki hoto ɗaya a wayarki, a bakin taga da hasken safe, ba kwalliya, ki yi mata alkawarin babu mai gani sai ku biyu. Ranar ziyara ki sake ɗauka a irin wannan hasken, haka kuma idan ta dawo hutu. Mai kallon madubi kullum ba ta ganin sauyi, sai an jera mata hotunan. Idan an cika mako goma sha biyu kuka jera su ba ku ga bambanci ba, ki tafi da ita da hotunan da tub ɗin da ta yi amfani da su wurin likitan fata, har da robar maƙwabciyar in ba ki yar ba.